Yadda zaka shirya tafiyar kallon tsuntsaye daga dajin Laplan zuwa gaɓar Varanger

Wannan bayanin na 'yan uwanmu ne da suke karatu ko aiki a Turai, ko wanda Allah ya ba bizar Shengen kuma yana so ya ga wani abu da ya wuce shaguna da filin ƙwallo. Can ƙuryar arewacin Finlan da Norwe, wato yankin Laplan da gaɓar tekun Varanger, akwai tsuntsayen da babu irinsu kusa da mu ko kaɗan, mujiya mai kamo ɓera ta ƙarƙashin dusar ƙanƙara, agwagin teku masu kala iri iri, da wasu kuma da in ka gansu zaka ce ai na san wannan, don kuwa a fadamunmu suke cin rani. Amma fa tun farko ka sani, dajin arewa ba irin wanda zaka shiga kukan tsuntsaye ya cika maka kunne bane. Zaka iya tafiyar awa biyu cikin bishiyoyi baka ji ko ƙyas ba. Tsuntsayen kaɗan ne a fili mai faɗin gaske, kowanne kuma yana manne da abincinsa da watansa, don haka duk dabarar ita ce ka san me tsuntsun yake ci, kuma wane wata yake wurin.

Mataki na farko, zaɓi wata kafin ka sayi tikiti

Lokuta biyu ne suke da amfani, kuma abin da zaka gani a kowanne daban ne.

Na farko daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu. Dusar ƙanƙara tana nan jibge, sanyi na nan, amma rana ta dawo, a tsakiyar Maris zaka samu hasken wajen awa 12. Wannan shi ne lokacin agwagin tekun Aktik da suke zuwa daga Siberiya su yi sanyinsu a gaɓar Varanger, kuma shi ne lokacin da tsuntsayen daji suke taruwa wajen abincin da mutane ke rataye musu a bakin gidaje saboda yunwa. Kada ka yi gangancin zuwa a Disamba da niyyar kallon tsuntsu. A Utsjoki, garin ƙarshe na arewacin Finlan, rana bata fitowa kwata kwata daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu, sanyi kuma yana iya kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili, a 1999 ma an auna 51.5 ƙasa da sifili a yankin Kittilä.

Na biyu daga wajen 20 ga Mayu zuwa tsakiyar Yuni. A nan ne baƙi suke dawowa daga Afirka da Asiya su yi sheƙa, kowa na kuka kowa na neman mata, a can Utsjoki kuma rana bata faɗuwa daga tsakiyar Mayu har ƙarshen Yuli. In karo na farko ne gare ka ni wannan zan ce ka zaɓa, don yawan nau'in da zaka gani ya ninka na Maris, tuƙi ma ya fi sauƙi. Kawai dai kada ka bari ya wuce tsakiyar Yuni, don daga ƙarshen watan sauro yake tashi a Laplan, kuma wallahi ba sauron wasa bane, gajimare guda yake binka har cikin kunne. Abin godiya dai baya ɗauke da maleriya. Sannan zuwa Yuli tsuntsaye sun daina kuka sun shiga hidimar 'ya'ya, samunsu sai an sha wuya.

Batun sallah a inda rana bata faɗuwa, ka tambayi malaminka tun kana gida, akwai masu bin lokacin Makka akwai masu bin gari mafi kusa da ake samun dare da rana. Ka yanke wanda zaka bi kafin ka isa, kada manhajar waya ta rikita ka a can.

Mataki na biyu, hanya

Hanyar da ta fi sauƙin ganewa titi ɗaya ne, E75. Daga Helsinki ka hau jirgin ƙasa na dare zuwa Rovaniemi, wajen awa 12 ne, garin yana dab da layin da'irar Aktik, wanda daga shi zuwa arewa ake samun ranakun da rana bata faɗuwa. Nan zaka ɗauki motar haya. Daga Rovaniemi zuwa Ivalo kusan kilomita 290, sai Inari, sai Kaamanen, sai Utsjoki inda zaka haye gadar kogin Tana ka shiga Norwe, daga nan ka bi gaɓar teku ta Nesseby da Vadsø har Vardø inda titin ya ƙare. Vardø tsibiri ne, ta ramin ƙarƙashin teku ake shiga, wanda aka buɗe a 1982. In baka da lokaci sosai ka hau jirgin sama zuwa Ivalo ko Kirkenes ka fara daga can. In kuma kana da lokaci ka ƙara Oulu da Kuusamo a farkon tafiya, don nan ne wajen mujiya da tsohon daji.

Ba mota, tafiyar nan bata yiwuwa yadda ya kamata, bas kaɗan ne kuma baya tsayawa don ka hango tsuntsu a kan bishiya. Ku haɗu mutum uku ko huɗu ku raba kuɗin. Ka gaya wa kamfanin hayar zaka ƙetare zuwa Norwe, ka tambaye su irin lasisin da suke karɓa. Norwe bata cikin Tarayyar Turai amma tana cikin Shengen, biza ɗaya ta isa, sai dai kuɗinsu kurona ne ba yuro ba, ko da yake kati ake karɓa kusan ko'ina. Agogo ma zai koma baya da awa ɗaya da zarar ka haye gadar. Ka yi cefanenka a Ivalo kafin ka ƙetare don Norwe akwai tsada, ka kama ɗaki mai kicin, kuma duk inda ka ga gidan mai ka cika tanki ko da rabi ne ya rage. A titi ka kula da barewar nan mai ƙaho da rassa, ba na daji bane, dabbobin makiyaya ne, a can arewa yawanci na ƙabilar Sami, suna tsayawa tsakiyar hanya ba ruwansu da hon. In tsautsayi ya sa ka buge ɗaya dole ka sanar da hukuma, lambar gaggawa 112 ce.

Mataki na uku, kaya

Madubin hangen nesa shi ne gaba da komai, ka nemi mai lamba 8x42. Takwas ɗin na nufin yana jawo abu kusa sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, yana shigar da haske mai kyau a cikin duhun daji. Wanda ya fi haka jawowa rawa yake a hannu musamman in kana karkarwar sanyi. Babban madubi mai ƙafa uku yana da amfani a bakin teku, in ɗayanku na da shi ya isa.

A waya ka sauke manhajar Merlin, kyauta ce, ta jami'ar Cornell, ka sauke kundin tsuntsayen arewacin Turai tun kana da intanet mai kyau. Tana sauraron kuka ta gaya maka sunan mai yinsa, tana kuskure wani lokaci don haka sai ido ya tabbatar. Sunayen da zan riƙa ambata a ƙasa su ne waɗanda zaka samu a cikinta in ka zaɓi Turancin Birtaniya. Ka kuma duba eBird, da Tiira na Finlan, da Artsobservasjoner na Norwe, nan mutane suke rubuta me suka gani jiya a ina. Duba su kowane dare ya fi duk wata shawara da zan baka.

Sutura kuwa hawa hawa ake sawa, na ciki ulu ko roba, na tsakiya mai kauri, na waje mai tare iska da ruwa. Banda auduga a jikin fata, in ka yi gumi ta jiƙe sanyin da zata maka ba kaɗan bane. Ko a Yuni ka tafi da hular sanyi da safar hannu, Vardø iska ce daga teku ba abin da ke tare ta. Batir yana mutuwa da wuri a sanyi, ka ajiye na ko-ta-kwana a aljihun ciki. Kuma in zaka shiga ɗaki mai ɗumi daga waje ka ƙulle kyamara da madubi a leda sai sun ɗumama, in ba haka ba raɓa zata taru a cikin gilashin. Na bazara su ƙara takalmin roba dogo don fadama, da ƙyallen rufe ido don barci, rana tsaka dare ba sauƙi.

Mataki na huɗu, cikin daji

Dajin nan bishiyoyi uku ne kusan duka, biyu masu ganye siriri kamar allura da basa zubar da shi, ɗaya mai farin ɓawo da ke zubarwa. Abin da zaka nema shi ne tsohon daji, inda itatuwa suka faɗi suna ruɓewa, gansakuka na lilo a rassa. Dajin da aka shuka layi layi don katako kusan fanko ne, kada ka ɓata lokacinka a ciki. Gandun Oulanka da tudun Valtavaara kusa da Kuusamo, da dazukan kewayen Inari, su ne irin wuraren.

Ka fita da wuri sosai, a bazara daga ƙarfe biyu ko uku na dare zuwa takwas na safe ne ake kuka, ai haske na nan. Ka yi tafiya a hankali, duk bayan 'yan mintuna ka tsaya cak ka saurara. Da kunne ake fara samun tsuntsu a nan kafin ido.

Wanda zai fara zuwa maka da kansa shi ne Siberian jay, 'yan Finlan na ce masa kuukkeli. Ruwan toka ne mai ƙasa ƙasa, amma in ya buɗe fiffike da jela sai ka ga jan tsatsa. Shi baya ƙaura ko'ina, dabararsa ita ce tun kaka yake tara abinci, ya cakuɗa shi da yawunsa mai danƙo ya liƙa a ɓawon itace da cikin gansakuka, wuri dubbai, da su zai ci har sanyi ya wuce. Shi ya sa ya saba da bin mutane. Ka zauna a wuraren hura wuta da aka tanada a bakin hanyoyin daji, ka yi shiru minti goma, zaka ga sun sauko su uku ko huɗu ba ko motsin fiffike, su zauna a reshe suna karkata kai suna kallon hannunka. 'Yar gyaɗa mara gishiri ta ishe su. In mutanen wurin sun maka tayin sosej ɗin da suke gasawa ka tambaya tukun, yawanci na alade ne.

Sai Siberian tit, ɗan mitsitsi mai hula ruwan ƙasa da baƙin maƙogwaro, nauyinsa giram goma sha kaɗan ne. Irin waɗannan ƙananan suna sauke zafin jikinsu da dare don kada kitsen da suka tara da rana ya ƙare kafin asuba. Shi da pine grosbeak, wanda namijinsa ja ne mai kyau macen kuma ruwan ɗorawa da toka, wajen abincin rataye zaka fi samunsu, kuma yankin Kaamanen ya yi suna kan haka. Ka tsaya ka sha shayi a wurin da suka rataye abincin, ka zauna bakin taga, shi kenan.

In ka ga 'ya'yan itacen nan masu ɓawo hawa hawa sun zubo ƙasa an tsattsaga su, ɗaga kai, crossbill ne a sama. Bakinsa na sama da na ƙasa sun giɗa juna kamar almakashi, da shi yake buɗe ɓawon ya zaro ƙwayar da harshe. Saboda ƙwayar ta fi samuwa a ƙarshen sanyi, shi a Fabrairu da Maris yake ƙwai, ƙanƙara na zuba macen na kwance a sheƙa. Shekarar da itatuwa basu yi 'ya'ya ba kuma ko ɗaya ba zaka gani ba, sun tafi wata ƙasa.

Manyan kajin daji kuwa a mota ake nemansu. Ka bi ƙananan titunan tsakuwa da asuba a hankali, suna fitowa bakin hanya su haɗiyi tsakuwa don niƙa abinci a cikinsu. Capercaillie namiji baƙi ne ƙato, yana kai kilo 4 zuwa 5, da sanyi ganyen allurar nan kawai yake ci. Kada ka fita daga motar, da ka buɗe ƙofa ya tashi. Black grouse kuma mazan suna taruwa a fili ɗaya kowace asuba a Afrilu da Mayu suna gurnani da tsalle, mata na gefe suna zaɓe, da sanyi kuma cikin dusar ƙanƙara suke nutsewa su kwana don can ya fi waje ɗumi.

Mataki na biyar, mujiya, kuma nan ne zaka buɗe aljihu

Gaskiyar magana mujiyoyin dajin arewa ba'a samunsu da yawo. Rayuwarsu gaba ɗaya a kan wasu ƙananan ɓerayen ciyawa take, su kuma ɓerayen yawansu hawa da sauka yake, shekara uku zuwa huɗu su cika ko'ina sannan su ƙare ƙaf. Shekarar ɓera mujiya na ƙwai da yawa, shekarar da babu ko sheƙa basa yi. Toh kafin ka biya komai ka tambayi masu jagora a Oulu ko Kuusamo yaya ɓera bana, in sun ce babu ka ajiye kuɗinka. In akwai, ka biya jagora na kwana ɗaya a Mayu ko farkon Yuni, su suka san sheƙoƙin kuma ba'a rubuta wurin a intanet da gangan.

Wadda kowa ke so ita ce great grey owl. Fuskarta faifai guda ce mai zobe zobe da ƙananan idanu ruwan ɗorawa, fiffike in ta buɗe ya kusa mita ɗaya da rabi, amma yawanci gashi ne, nauyinta bai cika wuce kilo ɗaya da ɗan wani abu ba. Faifan fuskar nan shi ke tattaro sauti zuwa kunnuwa. Zata zauna a kan kututture a bakin fili tana juya kai, ta ji motsin ɓera a ƙarƙashin dusar da idonka baya ganin komai, ta taso ta ɗan tsaya a iska sannan ta faɗa da ƙafafu ta fasa saman. Ural owl kuwa ka bi umarnin jagora sau da ƙafa, kusa da 'ya'yanta kai take kai wa hari kuma ta sha raunata mutane a fuska.

Guda ɗaya ce zaka iya samu da kanka, hawk owl, don da rana take farauta. Tana zama can ƙololuwar bishiya ko kan wayar lantarki, doguwar jela gare ta, daga nesa sai ka ɗauka shaho ne. Wanda ke kujerar gaba aikinsa kenan daga Ivalo har Tana, duba saman kowace bishiya. Farar mujiyar ƙanƙara da ake gani a hotuna kuwa kada ka sa rai, a wannan yankin sai shekarar da ɓerayen tsauni suka yi yawa sosai take bayyana.

Mataki na shida, fadama da fili mara bishiya

Kana wuce Utsjoki zaka ga bishiyoyi na gajarta har su ƙare, sai fili da duwatsu da ƙananan tafkuna. Nan ne zaka haɗu da 'yan cin ranin da na faɗa.

Babbansu ruff. Duk wanda ya taɓa zuwa fadamun Haɗejiya da Nguru ko bakin tafkin Chadi da rani ya gansu garke garke a gonakin shinkafa, tsuntsu ruwan toka mai ɗan ƙaramin kai da dogayen ƙafafu, ba abin da zai ja hankalinka. Toh ka ganshi a Varanger a ƙarshen Mayu. Namijin ya fitar da wani tulin gashi kewaye da wuya da tukkaye biyu a ka, wani baƙi wani ja wani fari wani zane zane, da wuya ka ga biyu iri ɗaya. Suna da dandali, ɗan tudun ciyawa da suke komawa kowace shekara, kowane namiji mai duhun gashi yana tsare da ɗan wurinsa da bai fi faɗin tabarma ba, suna zabura suna dukan juna da fiffike sannan kwatsam kowa ya durƙusa ya kafa baki a ƙasa in mace ta sauka, kuma duk wannan ba kuka ko ɗaya, shiru ake yi. Masu farin gashi basu da wuri, raɓewa suke a na wasu. Akwai ma kashi na uku, 'yan kaɗan ƙwarai, maza ne amma kamanninsu na mata, suna shiga tsakani ba wanda ya kore su. Ka tsayar da mota nesa kaɗan, ka kashe inji, ka sauke gilashi, ka basu awa guda. Ni a ganina wannan kaɗai ya biya kuɗin tafiyar.

Wood sandpiper da ke bin bakin kududdufai a wajenmu shi ma nan yake ƙwai, har kan bishiya zaka ganshi yana ihu. Willow warbler mai giram 9 ko ƙasa da haka, wanda kukansa ya cika duk inda bishiya mai farin ɓawo take, daga kudu da Sahara ya taso. Wheatear mai farin gindi da ke tsalle kan duwatsu shi ma haka, 'yan uwansa na Alaska ma an bi sawunsu an ga suna yin wajen kilomita 14,500 zuwa gabashin Afirka, tsuntsun da bai wuce giram 25 ba. Abin da ke kawo su shi ne ƙwari, bazarar gajeriya ce amma sauro da ƙudaje sun yi yawa kuma haske awa 24, iyaye na iya ciyar da 'ya'ya ba tsayawa.

A Nesseby, bayan cocin da ke bakin teku akwai ɗan tafki, ka duba red-necked phalarope. Ƙaramin tsuntsu ne da ke juyi a kan ruwa yana zagaya kansa don ya taso da ƙwari sama, baya tsoron mutum. A wajensu macen ce mai kala, ita ke neman miji, ta yi ƙwai ta bar masa kwanci da reno. In ka hau tsaunukan hanyar Båtsfjord da Berlevåg kuma ka nemi ptarmigan, girmanta kamar fakara, fara fat da sanyi, ruwan ƙasa da bazara, ƙafafunta har yatsu gashi ne. A Mayu zaka same ta rabi da rabi tana canza riga. Da sanyi hanyoyin tsaunin nan akan rufe su ko a bi su a jere bayan motar share ƙanƙara, ka duba sanarwa kafin ka tashi.

Mataki na bakwai, teku

Duk da arewar da wurin ke da ita tekun Varanger baya daskarewa, saboda ruwan ɗumi da ke gangarowa daga Atlantika. Shi ya sa agwagin Siberiya ke zuwa. A Maris ka tsaya a tashar jiragen kamun kifi ta Vadsø ko Båtsfjord. King eider namiji kansa shuɗi mai haske, baki ja, da wani ƙullutu ruwan lemo a goshi. Steller's eider ya fi ƙanƙanta, farin kai da baƙin zobe a ido da ƙirji ruwan ƙasa mai haske, suna cunkushewa wuri ɗaya kuma gaba ɗaya suke nutsewa lokaci guda su fito lokaci guda. A Båtsfjord akwai ɗakunan ɓuya masu iyo a kan ruwa da ake biya a shiga tun kafin gari ya waye, masu hoto ne suka fi bukata, kai mai kallo daga bakin tasha ma zaka gani. Zuwa Mayu mafi yawansu sun koma gabas.

Sai Hornøya, ɗan tsibiri gaban Vardø, minti goma a kwalekwale daga tasha. Ana zuwa daga Maris zuwa ƙarshen bazara, in iska ta yi ƙarfi kuma ba'a fita, don haka ka ware kwana biyu a Vardø ko ɗaya zai ɓaci. Tun kafin ka sauka wari da ƙara zasu tare ka, tsuntsaye dubun dubata a jikin dutse. Puffin mai baki kala kala a rami yake ƙwai, guda ɗaya tal. Guillemot ba ruwansu da sheƙa, a kan tsiraran dutse suke ajiye ƙwai ɗaya mai tsini a gefe guda, ɗan kuma yana da sati uku zai diro daga dutsen zuwa teku tun bai iya tashi ba, uban na biye da shi. Aikin da zan baka a nan shi ne ka nemo Brünnich's guillemot a cikinsu, ka bi layukan sama da madubi ɗaya bayan ɗaya, kana neman mai gajeren baki mai kauri da farin layi a gefen bakin, bayansa kuma ya fi na sauran baƙi. Ka sa hula da rigar da baka damu da ita ba, kashi daga sama yake zuwa. Ka riƙa ɗaga kai kuma, in ka ga duk dutsen ya tashi lokaci guda to mikiyar teku mai farar jela ce ta gifta, fiffikenta ya haura mita biyu.

A Yuni a bakin rairayi zaka haɗu da Arctic tern, fari mai baƙar hula da jan baki, giram 100 da ɗan kai. Shi ne ke zuwa har tekun Antatika ya dawo duk shekara, wani bincike na 2010 kan na Girinlan ya nuna suna yin wajen kilomita 70,000, kuma ta gaɓar Afirka ta Yamma suke bi. In ya fara kawo maka sara a ka to ka kusa taka ƙwansa ne, ɗaga hula sama da kanka ka koma ta inda ka fito.

Mataki na takwas, doka da rubutu

A ƙasashen biyu doka ta ba kowa damar yawo a daji da fili ko na wani ne, muddin baka shiga harabar gida ko gona ba, amma wuraren da aka keɓe suna da nasu sharuɗɗa, a Hornøya kan hanyar da aka shata kawai ake bi. Banda taɓa ƙwai, banda tashin jirgi mara matuƙi kusa da masu sheƙa, banda kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito, a sanyin nan in uwa ta tashi daga ƙwai na 'yan mintuna an yi asara. Gabas kuma Rasha ce, a ɓangaren Finlan akwai yankin iyaka da ba'a shiga sai da izini, a kwarin Pasvik na Norwe kogi ne kawai tsakani, ka kiyaye alamomin. In ka ga mataccen tsuntsu kada ka taɓa, a 2023 murar tsuntsaye ta kashe dubban kittiwake, wani farin tsuntsun teku, a kewayen Vadsø.

Duk inda ka tsaya ka rubuta wuri, lokaci, nau'i da adadi, da dare ka shigar a eBird. Wanda baka gane ba ka ɗauki hoto ko da mara kyau ne, ka rubuta girma, kalar ƙafa, siffar baki da abin da yake yi. In ka hango zobe mai kala ko mai lamba a ƙafar tsuntsu ka karanta shi da kyau, wace ƙafa, wace kala a sama, sannan ka aika ta shafin ring.ac, za su turo maka inda aka sa masa zoben da shekarar.